Jinin Wa Aka Kai Yamai?

Shafi na 9

Masu turo min "ina ci gaba?" tun kafin in ajiye cokali, na gode da damuwarku da lafiyata. Wanda ya shigo yau kuma, ga inda muke: ƙafafun Inna Lalla sun ƙi ɗaukarta tun bayan damina. Ƴarta ta fari, Zaliha, malamar kimiyya a Keita, ta sayar da ragon layyarta ta turo sefa jikka talatin da biyar don a auna bitamin D a jinin tsohuwa. Sai an sa jinin a ƙanƙara an ɗora shi a mota zuwa Yamai kafin a samu awon. Ta damƙa aikin a hannun ƙaninta Safiyanu, manomin albasa a Madawa, wanda tsohuwar ke zaune a gidansa. Sakamako ya fito.

*

Zaliha ta sauko daga kabu-kabu da salula a hannu, ta tarar da uwarta inda take tarar da ita kullum: tsakiyar gida, cikin rana, tana dunƙula gabu da dakakken ganyen albasa.

Akwai dogon yaro a gidan, mai inuwar da za ta ɗauki mutum goma. Inna Lalla ba ta taɓa zama ƙarƙashinsa ba. A ganinta inuwa ta kaji ce da ragwaye.

"Inna, ina wuni? Ya ƙahwahun?"

"Suna nan inda Allah ya liƙa su. Madam ce da rana tsaka? An kori ƴan lakwal ne, an ruhe makaranta?"

Inna ba ta kiran sunan ƴar fari. Da Zaliha ta fara ɗaukar albashi, sai ta samo mata sunan da ya fi shiru ciwo.

Hamdiya, matar Safiyanu, ta kawo ruwa ta durƙusa.

"Sannu da hanya, Yaya. Lahiya dai?"

"Yanzu za mu ji. Ina mijinki?"

"Shina garka. Kin san shi, sai magariba."

Zaliha ta kira shi ta ce ya bar duk abin da yake yi ya zo. Hamdiya ta ɗora ruwan shayi. Garkar gidan tana can fadama, ta wajen Azarori, tafiyar da ke cin mai. Ruwan bai tafasa ba aka ji moto a ƙofar gida.

Zaliha ta kalli butar. Ta kalli ƙofa. 

Safiyanu ya shigo da rawani har hanci, ƙafar wando duk laka, yana sauke numfashi irin na wanda ya sha aiki.

"Yaya, sannu. Mi ya hwaru?"

"Zauna. Analiz ya hito, awon jinin Inna. Na tura wa Dokta Rufaida, ga abin da tac ce."

Rufaida ƙawarta ce tun ƙuruciya, likita a Tawa, ita ta ba da shawarar awon. Zaliha ta ajiye salula a kan tabarma ta danna saƙon murya.

"Zaliha, na ga analiz ɗin Inna. Bakwai. Ana so ya kai ashirin, wasu ma su ce talatin. Wannan bitamin, rana ce ke taimakon fata ta yi shi, shi kuma ke taimakon ƙashi. Bakwai irin na wanda ba ya fita ne, mai jinya a ɗaki ko makamancinsa. In haka ne da sauƙi: magani, kifi, ƙwai, da fita rana. Amma kin ce min Inna a rana take yini. To, in mai jinin nan a rana yake yini kuma ya fito bakwai, ba zan ɗora wa rana laifi ba. Sai an duba hanta, a duba ƙoda, a duba hanji. Ki tanadi kuɗi, don za su fi na farko. Kada ku ba ta komai sai na gan ta."



Dukkansu suka ɗaga kai sama, kamar za a nemi jin ta bakin wadda ake zargi. Ranar Madawa, mai narkar da takalmin roba a ƙafar mai shi, tana nan a bakin aikinta.

Hamdiya ta fara share ido.

Inna Lalla ta ci gaba da dunƙula gabu.

"Wagga yarinya ba ɗiyar Hamani mai gishiri ba ce? Wadda ke tsoron akuya?"

"Ita ce, Inna. Yanzu likita ce."

"To."

"Inna, hanta anka ce. Ƙoda anka ce."

"Na ji. Kunnuwa dai ba a ce su ma sun lalace ba."

Abin da ya tsaya wa Zaliha ke nan. Wannan tsohuwar, in ƙaya ta soke ta, sai unguwa ta san ranar da ƙayar ta fita. Yau an ambaci hantarta, ko gira ba ta ɗaga ba.

Wanda ke zufa shi ne Safiyanu.

Zaliha ta yi shekaru tana kama ƴan aji masu satar amsa, ta kuma san ba a kama su da faɗa. Tambaya ƙarama ake yi, wadda ba su shirya mata ba.

"Gobe mu tahi Tawa. In ta kama in sai da frigo, in daina shan ruwan sanyi, in sai da. Allura ce kawai, Inna, irin ta rannan."

"Ba inda za ni."

"Ta yi maki zahi ne, ta rannan?"

"Kaɗan."

"Wa ya ɗebi jinin?"

"Tanko," in ji Safiyanu da sauri. "Infirmiye, malamin asibiti mai ritaya, na bayan masallaci. Hannunshi da sauƙi."

"A ina?"

"Nan ɗakina," in ji Inna.

"Gidanshi," in ji Safiyanu.

Tare suka faɗa.

Wata kaza ta ratsa tsakaninsu, ta tsaya ta kalli kowa, ta wuce.

"Ina nuhin," in ji Safiyanu, "mun hwara zuwa gidanshi, sannan..."

"Da waɗanne ƙahwahu?"

"Na goya ta a moto."

"Ni?" in ji Inna. "A moto?"

Ta manta ɓangaren da take.

Zaliha ta matso kusa, murya a kwance kamar mai tambayar farashin tumatir.

"Inna, wane hannu anka soka?"

Inna ta miƙo hagu.

"Dama," in ji Safiyanu.

Inna ta janye hagu ta miƙo dama. Zaliha ta riƙe hannun, ta juya shi, ta duba kamar takardar jarrabawar da aka rubuta da biro iri biyu.

Hamdiya ce ta yi magana, tana kallon mijinta, a hankali, kamar mai tuno mafarki.

"Baban Idris... ranar da nid dawo daga suna a Bangi, ba kai na gani da auduga a lanƙwasar hannu ba? Kac ce man zanzaro ya harbe ka."

"Zanzaro ne."

"Da filasta?"

"Babba ne."

Inna Lalla ta ajiye gabun da ke hannunta, ta kakkaɓe tafi.

"Ku bar yaro ya sha iska. Ni nas sa shi."

"Inna!"

"Ni nas sa shi, nac ce. Tanko ya zo nan da kwalbarshi da akwatin ƙanƙara, wai jinina za ya hau mota shi kwana a hanya. Ni da tsufana ban taɓa ganin Yamai ba, jinina ne za ya riga ni? Wa ya san hannun da za ya hwaɗa? Wa ya san kusa da jinin wa za a ajiye shi? Nac ce Auta, bi shi gida ka ba su naka. Ai daga nawa anka tsiyaya shi."

"Shi kuma Tanko ya yarda?"

"Da farko ya ƙi," in ji Safiyanu. "Sai nac ce mashi ke kinka ce."

Zaliha ta rufe ido. Ta yi ƙirga a zuciya, irin wanda malamai ke yi don kada su rasa aikinsu.

Ganin ta yi shiru, Safiyanu ya zaci an ba shi fili. Ya gyara zama.

"Yaya, ki tsaya ki ji, abin ba hauka ba ne. In dillali ya zo sayen albasa, buhu nawa yake hwarkewa? Ɗaya. Shi zuba hannu, shi matsa, shi sunsuna. Daga buhu ɗaya ya san mota duka. Iri ɗaya, gona ɗaya, ruwa ɗaya. To ni da Inna fa? Daga gare ta nih hito. Tukunya ɗaya muka ci, randa ɗaya muka sha. Abin da babu a jikinta, babu a nawa."

"Inna buhu ce?"

"Misali ne."

"Ni ke koyar da misali, Safiyanu. Albashi ake ba ni."

"Kuma kuɗɗin ba su ɓata ba. An auna. Ga lamba nan ta hito."

"Ragona," in ji Zaliha. "Farin rago mai tozo, da nike tashi da asuba ina jiƙa mashi dusa. Ɗiyana sunka yi kuka da anka ja shi kasuwa. Nac ce masu don Kaka ta tashi ta yi tahiya ne. Yanzu in koma in ce masu mi? Ragonmu ya tahi Yamai ya gano lahiyar kawunku?"



Kofin da ke hannun Hamdiya ya faɗi.

Ita ce ta fara kaiwa ƙarshen lissafin.

"Yaya. Sake danna muna."

"Mi?"

"Maganar likita. Sake dannawa."

Zaliha ta danna. Muryar Dokta Rufaida ta sake cika gidan, amma wannan karon kowa ya san wa take nufi.

"...in mai jinin nan a rana yake yini kuma ya fito bakwai, ba zan ɗora wa rana laifi ba. Sai an duba hanta, a duba ƙoda..."

Hamdiya ta ɗora hannu a ka.

"Innalillahi. Hantar Baban Idris ce. Mutumin da ke hita tun asuba, shi yini tsaye a kan rijiya, rana ta gasa shi har magariba. Wa ya kai shi shan rana duk Madawa? Na ga yana cewa baya, yana cewa gwiwa, ina ce mashi gajiya ce. Ashe hanta ce ke cin shi!"

Yanzu kam Inna Lalla ta ɗaga gira. Duka biyun.

"Auta, mi ke maka ciwo?"

"Ba komi, Inna."

Hamdiya ta riga ta shige ɗaki. Aka ji jan ƙarfe a kan siminti. Ta fito tana turo keken ɗinkinta, wanda ta kawo daga gidan ubanta, wanda ko ɗanta Idris ba ya taɓawa.

"Jamila matar mai burodi ta daɗe tana so. Yau ta samu. Yaya, gobe da shi za ki Tawa."

"Hamdiya, maida keken nan."

"Ba ni maidawa."

"Nac ce ki maida."

"Ka bari ka warke, sai ka yi man hwaɗa."

Ta ɗauki salula ta kira lambar Jamila, ba a ɗauka ba.

Safiyanu ya miƙe. Ya kalli keken. Ya kalli matarsa. Da zagi ta yi masa, da ya san inda zai ajiye shi. Wannan bai san inda ake ajiyewa ba.

"Hantata lahiya lau take."

"Likita kake?"

"Na dai sani."

"Ta yaya kas sani?"



Zaliha ta zuba wa Safiyanu ido. Tana kallonsa ne, daga sama zuwa ƙasa, yadda take kallon ƙwaro a cikin kwalba.

"Miƙo hannunka."

"Yaya..."

"Miƙo."

Ya miƙa. Ta juya tafin. Tafin ubansu Tsoho, Allah ya jiƙansa, in ya shafa kanka sai ka ji kamar an goga maka dutse. Wannan tafin laushi ne da shi. Kanta ɗaya ce, a gefen ɗan yatsa, doguwa, irin wadda igiya ke yi.

"Sauke rawanin."

Ya sauke.

"Kai," in ji Zaliha, da sha'awa ta gaskiya. "Ka yi haske."

"Na lura," in ji Hamdiya cikin kuka. "Na zaci sabulun da nic canza ne."

Zaliha ta sunkuya ta taɓa lakar ƙafar wandon. Ta murza ta tsakanin yatsu.

"Ɗanya ce. Mutum ya taso daga fadama a moto cikin wagga rana, laka ba ta bushe ba. Ga ta a wando, babu a takalmi. Kuma na kira ka, ruwan shayi bai tafasa ba kas shigo. Ko moton naka jirgi ne, ko garka ta matso gari."

Hamdiya ta daina kuka. Ba a hankali ba, lokaci ɗaya, kamar an rufe famfo.

"Kullum wuri ɗaya take," ta ce. "Lakar. Ni ke wankewa. Ƙahwar dama sama, ta hagu ƙasa. Har na kan ce Baban Idris akwai tsari ko a datti."

Safiyanu ya koma ya zauna. Ba tare da ya lura ba, a inuwar dogon yaro ya zauna.

"To," in ji Zaliha. "Likita ta ba mu hanya biyu. Ko hantarka ta lalace, mu sai da keken matarka mu tahi Tawa. Ko ba ka shiga rana. Zaɓi ɗaya."

Salular Hamdiya ta fara ƙara. Jamila ce ke biyo kira.

Ƙara ɗaya. Ƙara biyu.

"Kada ki ɗauka," in ji Safiyanu.

"To hwaɗa man."

"Ba ni shiga rana."

Salular ta gaji ta yi shiru.

"Ina kake yini?"

"Magazar Alhaji Mahfuzu, inda yake ajiye albasa. Bayan tasha."

"Wadda ba ta da taga?"

"Ita."

"Kana mi?"

"Ɗinkin bakin buhu."

"Tun yaushe?"

"Rani biyu ke nan."

"Lakar fa?"

"Akwai famfo mai yoyo a ƙofar tasha."

Hamdiya ta zauna a kan murfin keken ɗinki.  Abin da ya fito daga bakinta ba shi ne kowa ya zata ba.

"Ni ina ɗinki a gida, kai kana ɗinki a tasha. Da ka hwaɗa, da na ara maka allura."

Zaliha ta so ta yi dariya, sai ta lura uwarta ba ta motsa ba.

Inna Lalla tana kallon tulin ganyen albasar da ke gabanta. Garkar nan, ita da Tsoho suka haƙa rijiyarta ta farko. Shi yana ƙasa, ita tana jawo guga da cikin Zaliha. Da albasarta aka sayi littafin Madam na farko, da ita aka yi auren Auta.

"Auta."

"Na'am, Inna."

"Wanga ganye da kake kawo man, da nike dunƙulawa. Daga ina?"

"Daga garkar ne."

"Albasar da muka ci fa?"

"Daga can. Wallahi nan ban yi ƙarya ba. Buhunan da nike ɗinkewa ma, wasu daga can suke."

"Kai kana tasha."

"I."

"Wa ke ban ruwa?"

Safiyanu ya sami wani abin kallo a tsakanin ƙafafunsa.

Tsohuwa ta jira. Da ta ga amsa ba ta da niyyar zuwa, sai ta naɗe hannun rigarta har kafaɗa, ta miƙa wa Zaliha hannun. Na hagu.

"Madam, aika a kira Tanko. Shi zo da kwalbarshi da ƙanƙararshi. In kwalba biyu yake so, shi ɗiba."

"Inna, kin ce jininki ba ya riga ki zuwa Yamai."

"Shi tahi. In ya ga dama shi zauna can shi yi aure. Ƙahwahuna nike so, ina da wurin zuwa."

"Rago dai ya ƙare, Inna. Da mi za a biya?"

"Akwai mai ɗinkin buhu a gidan ga. Shi ƙara sauri."

Hamdiya ta miƙe za ta tafi kiran Tanko. Inna ta ɗaga mata hannu.

"In kin hita, ki biya wajen Bashir mai amalanken jaki. Ba ni jiran Yamai ta ba ni izini. A shimhiɗa man tabarma a kai, a ɗora ni. Yau za ni ga rijiyar ubanku da idona."

Safiyanu ya ɗago.

"Inna, rana ta yi zahi."

"An ce kana buƙatarta. Kai za ka kora jakin."

Zaliha ta shiga ɗaki ɗauko mayafin tsohuwa. Hamdiya ta kai ƙofa. Safiyanu ya taso daga inuwa, ya zo ya durƙusa a gaban uwarsa, a cikin ranar, yana ƙifta ido kamar wanda aka fito da shi daga rijiya.

"Inna."

"Ina jin ka."

"In munka isa..."

"I?"

"Ki yi sallama kahin ki shiga. Garkar tana da mai ita yanzu."